Rariyar Auta da Kujerar Taga ta Ɗaya

Autan gidanmu shekararsa arba'in da ɗaya, da mata da 'ya'ya uku da tumbi, amma har gobe ba ya jin magana gaba ɗayanta. Zaɓa yake yi. Ni na goya shi, don haka ba labari aka ba ni ba. Yana ɗan shekara tara Inna za ta aike shi kanti ta lissafa masa abu biyar, ya dawo da biyu. In an ce ina sauran, sai ya ce ai daga muryarta ya gane ukun ba da gaske take son su ba. Abin haushin, rabin lokaci gaskiyarsa ce. Da ni na yi haka da na sha mari, shi kuwa sai Inna ta shafa kansa ta ce yaron nan akwai ƙwaƙwalwa.

A makaranta ma haka. Ba ya karanta littafi daga farko. Sai ya buɗe ya shinshina, ya ce babi na uku da na bakwai ne za su fito a jarrabawa, ya rufe ya tafi ƙwallo. Su kuwa fito. Ni na haddace littafi har da bangonsa na gama sakandare da ƙyar, na yi aure, na nemi aiki. Shi ya wuce ya karanta kwamfuta, ya dawo gida ya zauna shekara biyu yana gyara wa maƙwabta waya yana cinye abincin Inna. Matarsa ta ce in tana so ya ji abu sai ta sa shi a jimlar farko, don daga ta biyu idonsa yana kanta amma mutumin ya tafi.

Ni na samo masa aikin da yake yi, ina so a rubuta wannan a ajiye. Ina aiki a wani wurin gwaje-gwaje, inda likita ke turo mutum a ɗebi jininsa ko a duba fitsarinsa. Shekarata goma sha tara a taga ta ɗaya, wadda ke daf da ƙofa. Tagogin uku ne. Mutum ya zo, na karɓi takardarsa, na shigar da sunansa a kwamfuta, firinta ta tofo lamba, na manna a jikin kwalba, na ce ya zauna. Kujerata hannunta ɗaya da waya aka ɗaure shi, amma ta san bayana na san nata. Shekara tara da suka wuce na ji tsohon manaja yana neman mai kula da na'urori, na ɗauki takardun Auta da hannuna na kai masa, na yi rantsuwa har uku cewa yaron nutsattse ne. Allah Ya yafe min.

Ɗakinsa yana ƙarƙashin bene, ba taga, sanyi kamar cikin firij. A nan babbar na'ura take, tana gurnani dare da rana. Yana zama da rigar sanyi ƙafarsa ba takalmi, allo biyu a gabansa, butar shayi a kan wani tsohon kwali. Abin da yake gadi shi suke kira rumbun bayanai, wato inda sunan kowane majiyyaci da sakamakonsa suke tun da aka buɗe wurin. Yadda ya yi min bayani, duk sanda na danna madanni, aike kwamfutata ke yi zuwa rumbun: nemo min wane, rubuta min wance. Shi kuma yana da wata manhaja mai bin sawu. In ya kunna ta, kowane aike sai ta rubuta shi a layi guda: da sunan wa aka aika, daga wace kwamfuta, ƙarfe nawa, daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya dawo. Cikin awa ɗaya sai layi ya kai dubu ɗari biyu. Ba mahalukin da zai karanta wannan, don haka tankaɗewa yake yi. Ya gaya wa manhajar zubar da irin kaza, zubar da irin kaza, har a bar masa layi ashirin ko talatin, ya duba ya ce ga mai laifi.

Mai Rariya ake ce masa a wurin aiki, yana kuma amsawa da fara'a. Shekara tara yana saƙa rariyar nan yana tattalinta fiye da motarsa. Kuma don ina jin haushinsa ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, ya iya. Ya taɓa gano wani ma'aikacin ɗakin jini da in zai nemi sunan mutum ɗaya sai ya sa a kwaso masa sunayen shekara goma, minti biyar ya ɗauke shi. Ya taɓa gano wata kwamfuta da aka manta a kunne a bayan kabad wata huɗu tana ta aike ba mai amsa ta. In ya kama irin wannan sai ya fito da silifas yana zagaye tagogi yana karɓar gaisuwa kamar wanda ya kashe maciji a tsakar gida.

Wata takwas da suka wuce aka kawo sabon manaja. Yaro ne, ban girme shi da ƙasa da shekara goma sha biyar ba, ga taye ga turare, ba ya buɗe baki bai ambaci adadi ba. Ba a jima ba kwamfutocinmu suka koyi sabon hali. Da safe lafiya lau. Ƙarfe goma na yi sai su sandare. Na danna, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa a allo, ni ina kallonsa, majiyyaci yana kallona. Wanda bai yi aikinmu ba ba zai gane ba: masu gwajin suga da yunwa suke zuwa, an hana su karyawa. Mutumin da ya kai ƙarfe goma bai sa komai a bakinsa ba, ya tsaya a layi, ba ya tuna tarbiyyar da aka yi masa a gida. An kira ni tsohuwa, an kira ni kurma, wata mata ta tambaye ni ko da ƙafa nake kai sunan nata. Sha biyu na yi kuma sai komai ya warware kamar ba a yi ba.

Manaja ya ce Auta ya binciko. Auta ya kunna manhajarsa, ya tankaɗe, ya buga takarda mai layi ashirin, aike ashirin da suka fi kowane daɗewa. Sha bakwai daga taga ta ɗaya. Ya hau bene ya miƙa, bai biyo ta wurina ba, ni da nake ajiye masa rabin abincina kullum.

Ranar Litinin aka ba ni wasiƙa. Wai bisa bincike na kimiyya an gano cewa jinkirin daga tagata yake, wai don a sauƙaƙa min, daga Litinin mai zuwa zan koma ɗakin ajiye fayil a can baya. Ɗakin fayil! Inda ba ka ganin kowa sai ƙadangare. An kuma sa kwafi a fayil ɗina, shekara goma sha tara ba ko ɗigon tawada a ciki. Na ninke wasiƙar na sa a jaka, na ce wa Amarya ta duba min tagata. Amarya ita ce ta taga ta biyu, shekararta shida da aure amma sunan ya ƙi fita. Na nufi ƙarƙashin bene, ban ƙwanƙwasa ba.

"Yaya, sannu da zuwa," ya ce, yana janye ƙafarsa daga kan tebur. "In zuba miki shayi?"

"Zuba wa wanda ka kai wa takarda."

"Wallahi Yaya ba ni na faɗa ba. Na'ura ce."

"Na'urar ce ta hau bene da silifas?"

Ya sosa ƙeya. Na ture kwalin butar na jawo kujera na zauna, na ce ya nuna min rariyar nan da ta tankaɗo ni, huda bayan huda, kuma da Hausa.

Ya gyara zama, don ko a gaban alƙali aka ce ya yi bayanin rariyarsa sai ya ji daɗi. Ya ce ta farko, duk aiken da bai kai daƙiƙa ɗaya ba zubar da shi take yi. Ai abin da ya je ya dawo kafin ƙiftawar ido ba shi ke tsare layi ba.

Na ce, "To. Ta biyu."

"Ta biyu, duk abin da ya fito da sunana ba ta nuna min."

"Saboda kai waliyyi ne?"

"A'a Yaya. In ina leƙa rumbun, leƙen nawa ma aike ne, rubuta shi ake yi. In ban cire kaina ba sai in cika allon da ni ina kallon kaina. Kowa haka yake yi a aikinmu, ranar farko ake koya maka."

"Ta uku."

Ya ɗan yi tari. Ya ce ta uku sabuwa ce, ya sa ta nuna masa kwamfutocin tagogi kawai, tunda daga tagogi ƙorafin ya fito.

Na dube shi sama da ƙasa. "Wato mata uku ka zuba a rariya ka girgiza, mace ta fito, ka yi mamaki. Cikin ukun wace ce a bakin ƙofa? Wace ce ke karɓar rabin mutanen da suka shigo?"

"Ke ce, amma..."

"Ni ban yi jami'a ba, amma shekara talatin ina tankaɗe. Ban taɓa ganin wanda ya zubar da garin ya rungume tsakin ya ce ya san abin da aka niƙa ba. Nuna min abin da ka zubar."

Ya ce ai ba ya ajiye shi, tun a bakin ƙofa manhajar ke watsar da shi. In ana so a gani sai an sake kamawa gobe ƙarfe goma, ba rariya ko ɗaya, kuma layi zai kai dubu ɗari huɗu, idona zai yi ciwo. Na ce idon nawa ne, kuma ina da lokaci har Litinin.

Washegari goma saura kwata na ɗora Amarya a kan kujerata, na gargaɗe ta kada ta jingina da hannun hagu. Yarinya ce mai digiri, yatsunta kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Na shiga ɗakin sanyi da mayafi biyu. Auta ya cire hudojinsa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori, ya kunna. Layuka suka fara gangarowa a hankali, har ina iya karanta sunayenmu: ni, Amarya, ɗakin jini, ni, ni. Goma ta yi. Goma da minti huɗu sai allon ya ɓalle kamar famfo ya fashe. A daidai lokacin na jiyo muryar wani mutum daga waje yana tambayar Amarya ko barci take yi.

Na ce, "Ka ji mai digiri ma ta tsufa."

Bai yi dariya ba. Ya tsayar da gudun layukan don mu gani. Turancin da ke jiki ban gane ko kalma ɗaya ba, duk baƙaƙe ne da alamomi. Amma akwai abin da na iya karantawa tun ranar da na rubuta shi a bangon littafinsa na aji ɗaya. Layi iri ɗaya ne ya cika allon daga sama har ƙasa, kuma a gefen kowanne suna ɗaya ne.

"Auta, wannan ba sunanka ba ne?"

Ya matso da fuskarsa daf da allon.

"Ga shi nan kuma. Ga shi. Ga shi. Kai, ko a takardar haihuwarka ba a rubuta shi da yawa haka ba."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sunan bai canza ba. Can ya ce, da wata ƙaramar murya da rabon da in ji ta tun ranar da ya fasa madubin Inna, "Allon Manaja ne."

Sai da na matsa masa sannan bayanin ya fito. Da sabon manaja ya zo, ya ce yana son allo da zai riƙa nuna masa mutum nawa kowace taga ta sallama, don ya san mai sauri da mai nawa. Auta ya haɗa masa cikin yini ɗaya. Ya so ya sa adadin ya riƙa sabuntawa duk bayan kwata, wato minti goma sha biyar, Manaja ya ce a'a, shi yana so ya ga lamba tana motsi da ranta, duk daƙiƙa. Auta ya ce to. Kuma don ƙyuyar buɗe wa allon suna nasa na kansa, sai ya bar shi yana aike da sunansa. Manaja ƙarfe goma yake zama da shayinsa, ya buɗe allon a kwamfutarsa, ya buɗe a wayarsa, ya buɗe a talabijin ɗin bangon ofishinsa. Kowanne, duk daƙiƙa, sai ya aika a ƙirgo masa mutanen da aka rubuta tun farkon shekara. Ƙirgen rabin daƙiƙa yake ɗauka, amma yana yi yana riƙe da littafin sunaye da ke cikin rumbun, ɗaya na saki ɗaya na cafkewa. Nawa aiken, na rubuta sunan bawan Allah mai jin yunwa, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a ba shi littafi. Sha biyu Manaja ke fita taro ya rufe allunansa.

Na ce, "Tsaya in gane. Yana leƙena don ya ga ko ina da nawa, leƙen nasa ne ke sa ni nawa."

"Kusan haka."

"Kai kuma rariyarka ta zubar da shi sau biyu. Sau ɗaya don gajere ne, sau ɗaya don sunanka ne."

"Sau uku," ya ce, don ko a cikin rami yake ba ya barin kuskuren lissafi ya wuce. "Ba daga tagogi yake fitowa ba."

Nan take ya kawo shawara, idonsa har ya fara haske. Ya ce minti biyu zai gyara, ya mayar da shi duk kwata, lambar kuma ya sa ta riƙa ɗan rawa a allo don Manaja ya ga kamar tana motsi. Gobe komai zai yi gudu. Manaja zai ga na gyaru, ya janye maganar ɗakin fayil, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

"Na gyaru daga me?"

"Yaya, ai magana ce kawai."

"Wasiƙar da ke fayil ɗina ma magana ce kawai? Wato a ce an tsorata tsohuwa da takarda ta dawo hayyacinta. Kar ka taɓa komai. Ka bar shi yadda yake, ka hau bene da silifas ɗin da ka hau da su ranar nan, ka faɗa da bakinka."

"Yaya, 'ya'yana uku."

"Ni nawa biyar ne, ban ga ka lissafa su ba."

Ya ƙi. Ya ce Manaja ba ya son a nuna masa kuskure, in ransa ya ɓaci zai nemi wanda zai huce a kansa, kuma sunan da ke jikin layukan ba nawa ba ne. Na san da gaskiya a maganarsa, na kuma ji tausayinsa na kusan daƙiƙa ɗaya, abin da ko rariyarsa ba za ta riƙe ba. Da aka tashi aiki na ce ya kai ni gidan Inna a motarsa.

Inna shekararta tamanin da wani abu, kuma a wurinta Auta ya gaji kunnen nan mai zaɓen magana. Muka same ta a kan tabarma tana tsince wake. Na zayyana mata komai. Ta saurara tana gyaɗa kai, da na gama ta ce, "Auta ka rame. Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

"Inna, cewa na yi ya kai sunana wurin manaja a kan laifinsa."

"Auta ba ya ƙarya. Mantuwa yake yi." Ta jefar da wata tsakuwa. "Ke ce babba, ki yi haƙuri. Ɗakin fayil ɗin ba inuwa?"

Auta ya miƙe ƙafa ya ɗebi gyaɗar da ke kwanonta. Na bar shi ya tauna. Sannan na ce, "Shi ke nan Inna, na haƙura. Sai dai ranar gwajin sugarki na wata mai zuwa ki fito da wuri, don layin yana kaiwa bakin titi. Yarinyar da za a sa a tagata ba ta san ki ba. Ba kujera, ba shiga ta gefe."

Hannun Inna ya tsaya a cikin wake. "Layi? Ni?"

"Da yunwa kuma. Har sha biyu."

Ta juya ta dubi ɗanta. "Kai, ajiye min gyaɗata. Gobe ka je ka gaya wa yaron nan abin da ka aikata. Tun kana ƙarami ba ka jin magana, na rasa inda ka samo wannan hali."

Ranar Laraba goma da rabi muka hau bene, shi a gaba da kwamfutarsa ta hannu, ni a baya don kada ya juya. Manaja yana zaune, allo uku suna ta ƙyalli, lambar tagata ja wur. Ya ce in maganar wasiƙa ce an riga an gama. Auta ya ce a'a Yallaɓai, ɗan gwaji ne, a taimaka a rufe allunan nan uku na minti biyu. Manaja ya ɗaure fuska ya rufe. Auta ya buɗe ƙofar ofis. Daga ƙasa muka jiyo firintoci uku sun kama kuka a tare, Amarya tana kiran na gaba, na gaba. Auta ya ce a buɗe. Aka buɗe. Firintoci suka yi tsit. Manaja ya dubi wayarsa, ya dubi ƙofa, ya sake rufewa da kansa. Kuka. Ya buɗe. Tsit. Sai da ya yi sau huɗu, kamar yaro ya samu makunnin fitila, mutane a ƙasa suna ta salati.

Auta ya juya masa kwamfuta ya nuna masa layukan. Bayani tsaf, da ladabi, wai allon ne ke yawan tambaya. Ni kuwa ina tsaye a bayansa ina kallo, sai na ga wani abu ya ɓace. Jiya gidaje shida ne a jikin kowane layi, yau biyar. Ya matse gidan suna har ya zama kamar zare.

Na ce, "Auta, akwai wani gida a nan gefe, ya shige ciki. Jawo shi Yallaɓai ya gani."

Ya waiwayo ya yi min kallon da yake min in na tsare shi wanka. Ya jawo. Sunansa ya bayyana tun daga sama har ƙasa.

Manaja ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya ga tudu a tsakiyar ruwa. "Wato kai ka haɗa abin da ya tsayar min da aiki wata takwas, ka kuma kawo min rahoton da ya ɗora wa wata."

"Ni ne, Yallaɓai," in ji Auta. Ya faɗa a tsaye, bai sosa ƙeya ba.

Manaja ya jawo takarda ya cire murfin biro. Ni na kawo yaron nan wurin nan, ba kuma zan tsaya wani mai taye ya yanka shi a gabana ba. In za a yanka shi ni ke da wuƙa.

Na ce, "Yallaɓai, tambaya gare ni, ka san ban yi karatu mai zurfi ba. Auta ya ce duk kwata ya so ya sa. Wa ya ce a mayar duk daƙiƙa? In za a rubuta, a rubuta duka, don masu wurin in sun karanta su gane sosai."

Biron ya tsaya. Manaja ya dubi talabijin ɗin bango, ya gyara taye, ya ce a gaskiya matsala ce ta tsari, ba ta mutum ɗaya ba, kuma ba ya son al'adar neman mai laifi. Na ce madalla, ni ma ba na so, saura wasiƙata. Ya ce zai duba. Na ce zan jira. Na zauna a kujerar baƙi na ɗora jakata a cinya na kafa masa ido. Ya amsa waya, ya buɗe fayil, ya rufe, ya sha shayin da ya huce. Minti goma sha ɗaya ya iya. Ya aika aka kawo fayil ɗina, ya zare wasiƙar da hannunsa ya miƙo min. Na ce ya rubuta a jiki cewa an janye, ya sa hannu da kwanan wata. Ya rubuta.

Auta aka ce ya kawo rahoto. Ya rubuta shafi uku, na karanta, babu sunansa babu na Manaja babu nawa, an dai gano matsala an kuma magance ta, kamar daga sama ta faɗo. A kan bene muna saukowa ya ce, "Yaya, da kin bar gidan sunan nan a matse ai da an wuce wurin."

Na ce, "Gobe ka zo da abincinka."

Yanzu allon duk kwata yake sabuntawa, Manaja kuma ba ya iya jira. Goma da 'yan mintuna sai ka ji turare, ya sauko ya tsaya a bayan kujerata, hannu a baya, leɓensa na motsi yana ƙirga mutane da ido. Ranar Litinin ɗin da aka ce zan koma ɗakin fayil, yana tsaye a nan wani dattijo ya fito daga banɗaki da kwalbar fitsarinsa, ba a manna mata lamba ba tukuna, ya duba ya ga mutum mai taye ba ya aikin komai, ya miƙa masa. Manaja ya karɓa kafin ya gane mene ne. Da ɗuminta.

Na ce, "Yallaɓai, riƙe masa, yanzu zan buga lambar." Na juya ga dattijon. "Baba, sunan naka fa? Faɗa min a hankali, harafi bayan harafi, kar in yi kuskure."